Kufan Bayan Gidan Ɗana a Amurka

Bazara ce, ta shekarar da ta biyo bayan zuwan fara. Kun tuna yadda ta kasance. Zafi kamar a bakin murhu, rumbuna wayam tun hadari bai fara haɗuwa ba, mata daga arewa suna ta shigowa Gumel da goyo a baya suna neman surfe ko wankau. Kowa ka gani fuskarsa a ɗaure. A cikin wannan hali ɗana ya aiko da takardun tafiya Amurka, har na ji nauyin faɗa wa mutane, don sai ya zama kamar gudu zan yi in bar su da yunwa.

Tun da na dawo kuwa ban huta da tambaya ba. 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci kullum sai sun tsare ni, Hajiya yaya ƙasar take, me suke ci, da gaske ne kare yana kwana a gado? Waɗannan masu sauƙi ne. Mai nauyin ita ce wadda ake yi a bayan idona: me ya dawo da ita, bayan ɗanta ya ce zai gina mata ɗaki ta zauna can har ƙarshen ranta? Na ji har an ce surukata ce ta kore ni. Wannan ya dame ni ƙwarai, don Hadiza ba ta yi mini komai ba sai alheri. Shi ya sa na sayi littafi mai layi na zauna in rubuta da hannuna. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri, da furfura na fara riƙe biro.

Ɗan fari ne, saboda haka ba za ku ga sunansa a nan ba. Baban Ummi zan riƙa cewa. Ummi 'yarsa ce, takwarata, lokacin shekararta uku.

Daga Kano muka tashi. Ban ji tsoron jirgi ba tunda na taɓa zuwa Makka, amma wannan tafiyar ba ta da iyaka. Mun sauka a wata ƙasar Turai, muka sake jirgi, muka bi kan teku, rana ta ƙi faɗuwa har lissafin salla ya rikice mini. Aka kawo abinci a rufe, na buɗe na ga ɗanyen ganye da wani farin abu kamar cuku, na mayar na rufe, na ci dabinona.

A wajen shiga ƙasar ne na sha wahala. Kwana biyu kafin tafiya 'yan'uwa sun yi mini lalle har ya yi baƙi. Ma'aikacin ya ce in ɗora yatsa a kan wani gilashi mai haske, na ɗora, na'ura ta ƙi. Ya goge, na sake, ta ƙi. Ya duba yatsun ya kira wani, shi ma ya duba. Ana cikin haka wani ɗan kare mai dogon kunne, sanye da riga, ya zo ya zauna a gaban jakata kamar an aiko shi. Kilishin da na yo wa yarana tsaraba suka ɗauke duka suka jefa a kwandon shara ina kallo. Da matar ta kwance ƙullin daddawa ta sansana, sai ta kau da kai ta mayar mini da sauri. Daddawa ta ƙwaci kanta. Sai da aka buga wa Baban Ummi waya ya yi musu bayani sannan suka sake ni, na hau wani ƙaramin jirgi zuwa Greensboro.

Da can a gabashin garin suke zaune, a gidan haya cikin mutanen Nijar, amma shekara guda kafin zuwana ya sayi gida a McLeansville, bayan gari. Gidan katako ne, in ka ƙwanƙwasa bango sai ka ji kamar akwati. Babu katanga, babu zaure, babu mai sallama. Shi yana aikin gwajin jini a wani asibiti, Hadiza tana kitso a wani shago cikin gari, Ummi ana kai ta wajen raino. Da hantsi sai in rage ni kaɗai da ƙarar firji. Na yi mako biyu a haka, na ji in ban sami abin yi ba zan kwanta ciwo.

Bayan gidan akwai fili mai faɗi da ya gangara zuwa wani ɗan rafi. Na ce a samo mini fartanya. Ya kawo wata mai doguwar ƙota kamar sandar makiyayi, na sa ya yanke ta da zarto. Wata Hajiya Zainabu 'yar Damagaram ta ba ni irin kuɓewa da yakuwa, Hadiza ta sayo na masara da wake da kabewa a kanti. Ƙasar wajen ja ce mai danƙo, amma kusa da rafin sai na tarar da wani gefe baƙi, mai laushi kamar an zuba taki.

A rana ta uku fartanya ta yi ƙara. Na tona na ɗauko tsingaro. Uwata maginiyar tukwane ce, a gindin yumɓu na tashi, don haka ina riƙe shi na san ba kwanon kanti ba ne. Ginin hannu ne, an danna igiya a jikinsa tun yana ɗanye don ado, kuma cikinsa akwai baƙin girki. Kafin azahar na tara cikin tafin hannu biyu, da wasu duwatsu uku da aka fiƙe kamar kan kibiya, da gawayi. Na zauna a ƙasa na daɗe. Na ce a raina, wata mace ta taɓa tsugunawa a nan ta hura wuta, ta jira tukunya ta tafasa.

Da Baban Ummi ya dawo na shimfiɗa su a kan faifai na ce, "Kai, bayan gidan nan kufai ne. Na su wa?"

Ya juya ɗaya a hannunsa ya ce, "Na Indiyawan daji ne, Inna, mutanen da Turawa suka tarar. Ko'ina ana samu."

"Ina suka koma?"

"Oho. Abin ya daɗe fa."

"Wa ya sayar maka?"

"Wani Bature, shi ma a wajen wani ya saya. Inna, ina da takardu, lauya ya duba komai. Babu matsala."

Ba takarda na tambaya ba.

Maƙwabcinmu wani tsohon Bature ne mai fara'a, mai noman ciyawa. Da Hadiza ta gaya masa abin da na tono, sai ya shiga gida ya fito da kwalabe uku manya cike da kan kibiya, ya ce tun yana yaro yake tsinta in an yi huɗa. Na ce ta tambaye shi sunan mutanen. Ya sosa ƙeya ya yi dariya ya ce kakansa ma bai tarar da kowa ba. Ya zaɓo mai kyau ɗaya zai ba ni kyauta. Na yi godiya na ce ya bar shi.

Da ɗana ya ga na ƙi sakin maganar, wata Lahadi ya ce zai kai ni in ga tarihin garin. Ya kai mu wani fili mai itatuwa a arewacin Greensboro, inda ya ce sojan sarkin Ingila suka gwabza da Turawan da suka zauna a ƙasar, lokacin da suka ce ba sa son sarki kuma. Na ce wace Ingilar, wadda ta ci Kano? Ya ce ita. Ya ce an kashe mutane da yawa a wannan wuri cikin yini ɗaya, wasu an binne su a nan inda suka faɗi. Na duba, ga mata da gajeren wando suna gudun motsa jiki, ga masu jan kare. Na yi addu'ar da ake yi in an ratsa maƙabarta a zuciyata, ko da yake ban san ko ta halatta a kansu ba. An kafa duwatsu da gumaka da sunaye, har da wani a kan doki. Na ce ya karanta mini ko akwai na masu tukwane. Ya zaga ya dawo ya ce a waɗanda ya gani babu.

Na ce, "To, baƙo da baƙo suka yi faɗa a kan gona. Mai gonar yana ina lokacin?"

Hadiza ta yi dariya ta ce, "Mama, ke da kin yi boko da lauya za ki zama." Shi bai yi dariya ba.

Shuka ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba. Masara ta fi ni tsawo, kabewa ta yi yaɗo har bakin rafi. Ummi ta saba da ni, duk inda na sa ƙafa tana nan, tana ce mini Kaka da bakin Turawa. A lokacin ne Baban Ummi ya zaunar da ni ya ce ya fara neman takardun da zan zauna gaba ɗaya. Ya ce tun da mahaifinsa ya rasu hankalinsa bai kwanta da zamana ni kaɗai ba, ga yunwa a gida, ga ciwon ƙafata. Zai gina mini ɗaki da banɗaki a baya, mai ƙofarsa daban. Wallahi na ji daɗi, har na yi hawaye. Bayan mako guda magini ya zo ya auna, ya kafa fegi huɗu ya ɗaura igiya. Da na fita na duba, igiyar ta zagaye baƙar ƙasar nan daidai, don nan ne wurin ya fi shimfiɗuwa.

Ku 'yan garinmu kun san abin da ake yi. Yamma da ƙauyen da aka haife ni akwai kufai, garin da mahara suka watsa tun zamanin kakanni. Babana yana noma wani gefe nasa. Amma jikokin mutanen suna nan a wani gari, kuma duk kaka sai ya ɗaura dami guda a jaki ya kai wa babbansu. Ba haya ba ce, ba wanda ya yanka masa. Dami ɗaya me zai yi? Ma'anarsa ita ce, na san ba ni na sare dajin nan ba. Shi kuma tsohon ya karɓa ya ce, Allah ya sa albarka, ka ci halal. Kuma babana bai taɓa kafa ko bukka a wurin ba sai da ya je ya tambaya ina kaburbura suke.

Na ce wa ɗana, kafin a haƙa fandisho sai na kai damin mai gona, na nemi izini.

Ya ce, "Inna, nan Amurka ce."

Na ce, "Na sani. Ni ce dai ban sake ba."

Kwana uku ba mu sake tada zancen ba. Hadiza ce ta shiga tsakani. Ta ce wata mai zuwa kitso ta gaya mata akwai garin mutanen nan a cikin duwatsu, yamma, tafiyar kamar awa huɗu, sunan ƙabilar Ceroki. Ta ce masa, "Baban Ummi, mu kai ta mana. Ko ba komai mun sha iska." Ya ce to, amma in an dawo magana ta ƙare. Na ce in an ba ni izini ta ƙare.

Ranar Asabar muka kama hanya, an fara sanyi, ganyaye sun koma ja da rawaya. Na cika kwando da masara busasshiya mai kyau, da wake, da kabewa biyu, na rufe da sabon zane. Tsingaron na ƙulle a hankici. Titi ne mai faɗi, ba rami ba shingen 'yan sanda, ba kuma mai tallar ko gyaɗa. Muka tsaya gidan mai, na yi alwala a wajen wanke hannu, wata Baturiya ta shigo ta gan ni da ƙafa a sama, ta ce wani abu ta fita da baya. Da muka fara hawan dutse kunnena ya toshe, Ummi ta yi amai a cinyata.

Iyakar ƙasarsu babu soja babu ƙofa, allo ne kawai a bakin hanya da wani rubutu mai lanƙwasa, ba boko ba ajami ba. Ɗana ya ce nasu ne. Na ji daɗin wannan. Amma da muka shiga garin sai murnata ta koma ciki. Kantuna ne jere na 'yan yawon buɗe ido, ana sayar da baka da kibiya na roba, ga wani ƙaton gidan caca. Muka kama ɗaki a wani ƙaramin otal mai warin taba, muka ajiye kaya muka fito.

A bakin titi muka ga wani mutum tsaye gaban wata bukka mai tsini, da hular gashin tsuntsu har gadon baya, mutane sun kewaye shi. Na ce wa ɗana wannan ne sarkinsu? Ya ce da alama wani babba ne. Ni kuwa ban tsaya wata-wata ba. Na tuɓe takalmi, na ɗauki kwando, na je na durƙusa a gabansa na ce ranka ya daɗe, na fara gaisuwa. Sai na ji ƙyas ƙyas ta ko'ina, Turawa suna ɗaukar mu hoto, wasu har da tafi.

Mutumin ya sunkuyo. Da na ga idonsa na san na yi kuskure, don kunya ce a ciki, irin ta babban mutum da aka tarar yana abin da ba ya so a gani. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, Hadiza ta fassara. Ya ce don Allah in tashi, shi ba sarki ba ne, aikinsa ke nan, ana biyansa a ɗauki hoto da shi. Ya ce hular ma ba irin ta kakanninsa ba ce, ta wasu ƙabilu ce na can nesa, amma ita baƙi suke son gani. Da Hadiza ta gaya masa abin da ya kawo mu, sai ya cire hular ya riƙe a hannu. Ya yi kwatancen gidan gwaggonsa, ya ce ita ce ta san irin wannan magana, mu je da safe.

Da safe muka same ta a barandar gidanta a gindin dutse, tana saƙar kwando da tsagaggen gora. Tsohuwa ce ta girme ni, gajera, fatarta kamar ta Buzaye. Ban ga daji a tare da ita ba. Ta ba mu kujeru, ta kawo wani abinci na garin masara da wake da aka naɗe a ganye aka dafa, kamar alala amma ya fi tauri. Na tambaya ko akwai man alade, ta ce a kai ake zubawa, ba ta zuba a namu ba. Na ci. Babu gishiri, amma abinci ne na gaske, na farko da na ci a ƙasar da ya yi kama da na mutane.

Na kwance hankici. Ta sa tabarau ta daɗe tana juya tsingaron, ta shafa wurin igiyar da babban yatsa kamar yadda na yi. Ta tambayi inda muke zaune. Da aka gaya mata sai ta girgiza kai.

Ta ce, "Ba namu ba ne. Mu mutanen dutse ne. Na wajenku wasu ne daban, harshensu ma daban."

Na ce, "Su wa?"

Ta ce ta ji ana ambaton Sawra da Kiyawi a wannan yankin, amma ba za ta rantse a kan wannan rafin ba. Na ce Hadiza ta rubuta mini sunayen, su ne na kwafa a nan.

Daga nan ta ci gaba da saƙarta tana magana, ba ta ɗaga murya ba, Hadiza tana juya mini. Ta ce tun kafin yawancinsu su ga Bature da ido, cutarsa ta riga shi isowa. Agana. Takan shiga gari ta kwantar da kowa lokaci ɗaya, har a rasa mai ɗebo ruwa, wanda ciwo bai kashe ba ƙishirwa ta kashe shi. Sai fatake suka biyo baya daga bakin teku da bindiga da tufa da giya, suna karɓar fatar barewa. Da aka jima suka ce suna sayen mutum ma. Wanda ya sami bindiga ya kai wa maƙwabcinsa hari, don in bai kai ba shi za a kawo wa. Aka riƙa kora mata da yara zuwa bakin teku ana sa su a jirgin ruwa. Ƙananan garuruwa irin na wajenmu su suka fi shan wuya. Waɗanda suka rage suka tattara suka bar wurin, suka raɓu da wasu ƙabilu, wasu kudu wasu arewa, har sunansu ya narke. Da Turawa manoma suka iso da kekunan shanu, sai suka tarar da gonaki a share, babu kowa, suka ce Allah ne ya ajiye musu.

Na ce, "Ku fa?"

Ta ce su sun fi yawa, shi ya sa suka daɗe. Amma an zo musu da yaƙi tun zamanin sarkin Ingila, aka sake zuwa lokacin da ake faɗan rabuwa da shi. Ta ce sojan sukan zo ne masara tana gona, su ƙone gari, su sare shuka, su ƙone rumbu, su bar sanyi ya ƙarasa aikin. A nan Hadiza ta kasa ci gaba da fassara, don mahaifinta manomi ne. Baban Ummi da ke zaune a matakala ya juya mana baya, shi ya karɓi fassarar ba tare da ya waiwayo ba. Ya ce ta ce daga baya aka tattara mafi yawansu aka kora su yamma, tafiyar watanni, da yawa a ƙafa, tsofaffi da jarirai suna mutuwa a hanya. Nata kakannin suna cikin 'yan kaɗan da suka saura a duwatsun nan.

Na rasa abin cewa sai abin da muke cewa. Na ce, "Sannu. Ya haƙuri?" Ban san yadda ya juya mata shi ba, amma ta dube ni ta gyaɗa kai.

Sannan na jawo kwandon na buɗe, na yi mata bayanin damin mai gona tun daga babana. Na ce ɗana zai gina mini ɗaki a wurin, ina neman wanda zai karɓa ya ce na ci halal. Ta ɗauki masara ɗaya ta ɓare ta duba ƙwayar. Ta ce masara da wake da kabewa tare, haka kakanninta suke shukawa, wa ya koya mini? Na ce ba kowa, haka muke yi. Ta yi murmushi, sau ɗaya ke nan.

Ta ce, "In kin ba ni a matsayin baƙuwa, zan dafa in ci, na gode. Amma ba zan karɓa a madadinsu ba. An sha samun wanda ya sa hannu ya ba da ƙasar da ba tasa ba, haka aka cinye mu. Ba zan yi wa wasu ba."

Na ce, "To wa zan kai wa?"

Ta ce akwai masu jininsu, wasu ma ba su da nisa da mu, in na nema zan samu, kuma za su karɓe ni da mutunci. Amma wanda zai ce wannan rafin na kakata ne, ga inda aka binne ta, ta ce ba ta jin ya saura.

Na ce, "Akwai kabari a wurin?"

Ta ce, "Mutanen da can sukan binne nasu kusa da inda suke kwana. Ban ce akwai ba. Ban ce babu ba."

Na bar mata kabewa ɗaya ta baƙunta. Sauran muka mayar but ɗin mota.

Muka kama hanyar gida, Ummi tana barci a jikina. Sai da muka sauko daga duwatsu ya ce, "To Inna, kin gani. Babu mai shi. Ba laifinmu ba ne."

Na ce, "Ban ce laifinka ba ne."

"Duk ƙasar haka take. Ɗakin da kike kwana yanzu ma a kanta yake. Asibitin da nake aiki, masallacin da muke Juma'a, duka." Sai ya ƙara da cewa, "Kuma gonar kakanki ta gida, su wa suka nome ta? Ba ke kika gaya mini akwai bayi a gidan ba? Wa ya taɓa tambayar daga wane gari aka kamo su? Wa ya kai wa nasu dami?"

Hadiza ta ce, "Haba Baban Ummi."

Na ce, "Ƙyale shi, gaskiya ya faɗa." Kuma gaskiya ce. Na tuna wata tsohuwa a gidan kakana, mai tsage irin wanda ba na ƙasarmu ba, muna yara muna kwaikwayon Hausarta muna dariya. Wani wuri a kudu akwai kufan garinsu, wataƙila wani yana noma shi. Ban taɓa tunaninta haka ba sai a motar nan, kuma har yau ba ta bar ni ba.

Na ce masa, "Ku kun zo neman abinci, Allah ya ba ku, ban ce ku tashi ba. Matafiyi yana kwana inda dare ya yi masa. Amma ɗakin da aka gina wa tsohuwa, ɗakin mutuwarta ne. Daga shi sai rami, a ƙasar nan. A gida in na ci haƙƙin wani na san ƙofar da zan je in durƙusa. Nan na zo har ƙofar, an ce masu gidan ba su nan."

Ya ce, "Sai a matsa da ginin gefe."

Na ce, "Gefe na wa ne?"

Ya mayar da ido kan titi. Muka isa gida da magariba, kowa ya yi salla, ba a ci abincin kirki ba.

Da gari ya waye, bayan na idar da asuba, na jira haske ya fito na zaga baya. Raɓa ta jiƙa mini zane. Na kama fegin farko na girgiza shi har ya saki, na bi sauran ukun, na naɗe igiyar a hannuna. Ina cikin naɗi na ji motsi. Yana tsaye a bakin ƙofa cikin kayan aiki, da makullin mota a hannu, ban san tun yaushe ba. Na zo na ajiye fegin da igiyar a kan matakala kusa da ƙafarsa, na ce in ya sami sarari yau ya tambayo mini ranar jirgi.

Ya dubi igiyar, ya dubi tagar ɗakin da yarinyar take barci. Ya ce, "Inna, Ummi fa?"

Na sunkuya ina matse bakin zanena da raɓa ta jiƙa. Ya jira ni, ya jira, har lokacin aikinsa ya yi.